Kyamara a ƙofar shago: ina iyakarta?

Ɗan'uwa, ka ce an fasa maka shago a unguwar Zariya ta Maradi sau biyu, kana son sa kyamara, amma maƙwabcinka ya ƙi don tana iya hango cikin gidansa.

Gaskiya yana da hujja. Katangun gidajenmu a Maradi ba su da tsayi sosai, kyamarar da aka kafa sama kuwa sai ta leƙa tsakar gida inda iyali ke harkokinsu. Wannan keta sutura ne. Ka sauke ta ƙasa, ta kalli ƙofarka da bakin hanya kawai, sannan ka kira shi ya duba allon da idonsa. Ni haka na yi, rigimar ta mutu ranar. In ya ci gaba da ƙi, ku je wurin mai unguwa.

Kyamara ba ta kama ɓarawo, shaida take ajiyewa. Shi ya sa na'urar ajiyar hoton ta fi kyamarar kanta muhimmanci: ka ɓoye ta, don ɓarayi ita suke fara ɗauka. Ka haɗa mata batir saboda ɗaukewar wuta, ka riƙa goge gilashin lokacin hunturu, ka canza lambar sirrin da ta zo da ita.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne watsa hoton wanda ake zargi a WhatsApp. Hoton dare yana ruɗi, kana iya ja wa marar laifi duka, kai kuma dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta hau kanka. Ka kai wa 'yan sanda. Batun izinin kafa kyamara kuwa, ka tuntuɓi hukumar da ke kula da kare bayanan mutane, ko wani lauya.