Tambaya da Amsa: Na zo Jidda, amma garin ya yi mini shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na baro Kano na zo Jidda aikin wutar lantarki, kuma har yau ban saba ba. Da rana titi fayau, ba mai zama a ƙofar gida, maƙwabcina ma sai dai mu haɗu a matakala ya yi sallama ya wuce. Haka rayuwar nan take, ko ni ne ban gane ta ba? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan kewa ta kama kusan duk Bahaushen da ya sauka a garin nan, domin mun tashi a inda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, mai wucewa ya tsaya a gaisa, a tambayi iyali da gajiya har a kai ga labarin kasuwa. Wanda ya saba da haka, idan ya ga ƙofofi a rufe da na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri, dole ya ɗauka ba a son mutane.

A ganina kana neman garin ne a lokacin da yake barci. Zafin Jidda haɗe yake da gumin Bahar Maliya, kuma tsananin zafi irin wannan ne ya sa hukumar Saudiyya take hana aiki a cikin rana a faɗin ƙasar daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Saboda haka mutane suka mayar da zumuncinsu dare. Ka daure ka fita bayan sallar lisha ka nufi Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ka bi ta Bab Makka, za ka tarar da kasuwa tana ci kamar Kantin Kwari da hantsi. A bakin teku kuwa iyalai ne zaune a kan darduma da butar gahawa da dabino, yara suna guje-guje har tsakar dare. Ka tuna kuma tun 2013 hutun mako Juma'a ne da Asabar, don haka daren Alhamis wayewar Juma'a ya fi kowane dare cika.

Batun maƙwabci, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Balaraben birni ba ya hira a ƙofa, amma idan ya saba ganin ka a sahu ɗaya a masallacin unguwa, wata rana shi zai riƙe hannunka ya ce sai ka zo cin kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama irin nasu.

'Yan'uwanka ma suna nan da yawa. Tun kafin zuwan jirgin sama kakanninmu suke ratsa Sudan a ƙafa su ƙetare teku daga Sawakin, kuma jikokinsu suna Makka da Madina da Jidda, wasu da Hausarsu garau. Rusau da aka yi a tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina a 2021 da 2022 ya warwatsa su, shi ya sa sai ka yi tambaya. Ka fara da masu sayar da tsire, su suka san inda kowa ya koma. Idan za ka fita, ikamarka, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu, domin ana iya neman ta a kowane shinge.