Amsar tambayarki a kan mantuwar Inna

'Yata, na karanta saƙonki inda kike tambaya ko al'ada ta yarda a kai Inna asibiti saboda mantuwa, alhali Yaya Babba ya ce gigin tsufa ne, a rufa mata asiri.

Abin da muka tarar shi ne, idan tsoho ya fara ruɗewa sai a ja shi ɗaki, a bi shi da addu'a da tofi, ba a fitar da maganarsa waje, kuma magabata sun yi haka ne don kare mutuncinsa, ba don sun hana neman magani ba. Ni kaina na ɗauki abin da wasa, sai ranar da na zo Tudun Wada na same ta riƙe da carbi a tsakar gida, tana tambayar ina ɗakinta, a gidan da ta shekara arba'in.

Mantuwa iri-iri ce. Akwai wadda ƙarancin sinadarin B12, ko ciwon mafitsara, ko damuwa, ko ma haɗuwar magunguna ke kawowa, kuma irin wannan tana iya sauƙi idan an gano ta da wuri. Akwai wadda hawan jini ke jawowa ta hanyar lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma cutar Alzaima, wadda wani likitan Jamus ya bayyana a 1906, ba a warkar da ita, amma sanin ta da wuri yana ba iyali damar shiri. Ba mai rarrabe waɗannan a zaure, sai likita da gwajin jini.

Sai dai kada ki tsallake Yaya, domin babba ne ke yanke irin wannan magana. Ni zan same shi bayan Juma'a. Kada kuma ki fara ambata masa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna, tunda mutanenmu da sun ji sunan sai su ce hauka. A fara da asibitin Barau Dikko, idan likita ya tura ku Barnawa, sai ku tafi.

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe katinta da ranakun komawa, kuma ke na zaɓa. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ta manta da ranar da ya faru, ki haɗa magungunanta duka a leda, har na gargajiya, ki nuna wa likita. Ki kuma hana yara tsayar da ita gaban baƙi suna cewa, "Inna, wane ne wannan?"