Me Ya Sa Teburin Faɗakarwa Yake Da Gurabe Masu Yawa Haka?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka buɗe teburin da tsarin sa ido yake zuba faɗakarwa a cikinsa, ka tarar gurabensa sun haura arba'in, kai kuma a ganinka uku sun wadatar: sunan na'ura, lokaci, da abin da ta faɗa. Ka ƙara da cewa daren jiya layin faiba ɗaya ya yi ta yankewa yana dawowa har ya cika maka allo da ja, kana so ka san ko rautar, wato na'urar da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwa, ita ce ta rikice. Rautar ta yi aikinta daidai, abin da ta gani ta faɗa. Tambayoyin nan naka biyu kuma tushensu ɗaya.

Ka fara raba abu biyu da sababbin shiga ke yawan haɗawa. Akwai kundin saƙonni, inda ake rubuta duk abin da na'ura ta furta a jere, ko da sau dubu ta maimaita. Shi kam gurabenka uku sun ishe shi. Teburin faɗakarwa aikinsa daban ne, shi ne jerin abubuwan da suka lalace a halin yanzu suna jiran mutum. A cikinsa layin rubutu ɗaya matsala ɗaya ce. In saƙo ɗari suka zo kan matsala guda, dole su taru a layi guda. Yawancin guraben da suka gajiyar da kai don cika wannan sharaɗin aka yi su.

Zan yi maka bayani da tsarin sa ido na Netcool/OMNIbus tunda shi ne a gabanka. Kamfanin Micromuse ne ya ƙera shi, IBM ta saye kamfanin a 2006, teburin kuma sunansa alerts.status. In ka koma wani tsarin sunayen za su canza, amma tambayoyin da guraben ke amsawa suna nan.

Gurbin da ya fi kowanne nauyi shi ne na shaida, wanda a teburin aka rubuta Identifier. Na'ura ba ta aiko shi. Mu ne muke ɗinka shi a cikin ƙa'idojin da ke fassara saƙo kafin ya shiga tebur: a ɗauko sunan na'ura, a haɗa da kafar da abin ya shafa, wato inda ake jona waya a jikin na'urar, da rukunin matsalar, da ko saƙon na lalacewa ne ko na gyaruwa, da manhajar da ta karɓo shi, duk a jera su jimla ɗaya. Da sabon saƙo ya iso, rumbun da ke riƙe da teburin zai duba ko akwai layi mai irin wannan shaidar. In babu, ya buɗe sabo. In akwai, ba zai buɗe ba, sai ya ƙara ɗaya a gurbin ƙidaya, wato Tally, ya sabunta lokacin zuwan ƙarshe da bayanin saƙon, ya bar lokacin zuwan farko yadda yake.

Yi lissafin daren jiya da kanka. A ce layin faiba ɗin yana yankewa sau ɗaya kowane minti, aikin darenka kuma awa 8 ne. Saƙon yankewa 480 ke nan, na dawowa 480, jimla 960. Da shaidar a ɗinke take daidai, layi biyu kacal za ka gani, ɗaya na yankewa ɗaya na dawowa, ƙidayarsu tana ta hawa. Wannan ƙidayar ma labari ce mai zaman kanta. Layin da ya yanke sau ɗaya ya tsaya a yanke, zargina yana tafiya kan wayar da aka datse ko na'urar can ƙarshe da ta mutu. Wanda ya yanke sau 480 kuwa, sai in nufi kan waya mai datti, ko fitilar faiba da ta fara rauni, ko lanƙwasa da ta yi yawa. Kafin in tashi daga kujera, ƙidayar da lokutan nan biyu sun riga sun gaya mini kayan aikin da zan ɗauka.

Tunda ka ga ɗaruruwan layuka, akwai abin da ke canzawa da aka cusa cikin shaidar. Na taɓa gadon aiki a wani wuri inda wanda ya rubuta ƙa'idojin ya saka lokacin saƙon a ciki, wai don kada wani saƙo ya ɓace. Niyyarsa mai kyau ce, amma ko wane saƙo sai ya zama baƙo a wurin rumbun. Ranar da wuta ta ɗauke a wani ɗakin na'urori, teburin ya cika har manhajar dubawa ta daina motsi, muka dawo muna kiran mutane a waya muna tambayar abin da suke gani. Lokaci, lambar jerin saƙo, ma'aunin zafi, kashi nawa na ma'ajiya ya cika, duk waɗannan a gurbin bayani suke zama. In ka saka zafin na'ura a shaida, digiri 61 da digiri 62 sun zama matsala biyu, alhali fanka ɗaya ce ta tsaya.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne kishiyar wannan, domin shi ba ya hayaniya. Mutum ya gaji da cunkoso, sai ya rage shaidar ta koma sunan na'ura da rukunin matsala kawai. Allo ya yi fes. Kafa ta 7 ta yanke, layi ya fito. Kafa ta 12 ta yanke a kan na'urar, sai ta hau kan wancan layin, ƙidaya ta koma 2. Aka gyara ta 7, aka rufe layin, ta 12 tana nan a mace kuma babu wanda ya sani sai mai amfani da ita ya kira cikin fushi. Shi ya sa kafin ka ƙara ko ka cire wani abu a shaida, ka tambayi kanka: in waɗannan saƙonni biyu suka zo, injiniya ɗaya da gyara ɗaya zai kawar da su duka? In amsar e ce, su haɗu. In a'a ce, su rabu.

Daga nan sai gurbin Type, da abokansa AlertGroup, wato rukunin matsalar, da AlertKey, wato mabuɗin da ke nuna ainihin kafar ko abin da ya shafa. Lamba 1 a Type na nufin lalacewa, 2 na nufin gyaruwa. Akwai wani aiki da rumbun ke yi da kansa lokaci-lokaci: ya ɗauki layin gyaruwa, ya nemo layin lalacewa da suka yi tarayya a sunan na'ura, rukuni, mabuɗi da manhajar karɓa, wato Manager, in gyaruwar ce ta zo daga baya sai ya mai da tsananin lalacewar sifili, layin ya koma kore, bayan minti biyu a share shi. To ka lura, harafi ɗaya ya bambanta tsakaninsu, ba za su haɗu ba. SNMP ƙa'ida ce da na'urori ke aiko da sanarwa ga tsarin sa ido. Ka duba saƙonta na yankewar kafa, mai lamba 1.3.6.1.6.3.1.1.5.3, da na dawowarta mai ƙarewa da 4. Dukansu suna ɗauke da lambar kafar da ake kira ifIndex. Idan ƙa'idar yankewa ta saka wannan lambar a mabuɗi, ta dawowa kuma ta saka sunan kafar, jan layin zai kwana ya wuni a allo bayan an daɗe da gyarawa. Ita kanta lambar kada ka amince mata gaba ɗaya, a wasu na'urorin tana iya sauyawa in an kashe an kunna, sai dai in an saita ta ta tsaya. Ni na fi son a fassara ta zuwa sunan kafa tun a ƙofa, kuma a yi hakan a saƙonnin biyu.

Sunan na'ura ma haka. Rauta ɗaya na iya aiko syslog, wato rubutattun saƙonnin abin da ke faruwa a cikinta, da adireshin IP ɗaya, ta aiko SNMP da wani, manhajar da ke zagayawa tana gwada ta kuma ta san ta da cikakken suna. In ba ka daidaita su sun koma suna ɗaya a gurbin Node ba, rauta ɗaya ta zama uku a teburinka. Adireshin da saƙon ya fito da shi kada ka yar, akwai NodeAlias dominsa.

Gurbin tsanani, Severity, yana da tarko guda da kusan kowa sai ya faɗa. Matakan nan shida sun samo asali ne daga ƙa'idar X.733 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta 1992. A Netcool 0 an warware, 1 ba a tantance ba, 2 gargaɗi, 3 ƙarama, 4 babba, 5 mai tsanani. Syslog kuwa a juye yake ƙirga nasa: matakai takwas, 0 shi ne mafi muni, 7 shi ne surutun masu binciken manhaja. Wanda ya kwafo lambar syslog kai tsaye ya zuba a wannan gurbin, saƙon da ke cewa na'ura ta durƙushe zai shigo da kore, a kuma share shi cikin minti biyu. In ka kama ɗanyen saƙo daga rautar Cisco ka ga 187 a farkonsa, raba shi da 8: ka samu 23, saura 3. Wannan 23 ɗin sashen da ya aiko ne, 3 kuma tsananin syslog, wato kuskure. Daga nan kai ne za ka yanke hukuncin matakin da ya dace a teburinka, domin na'ura ba ta san darajar kafar ba. Yankewar kafar da firinta ke kai da yankewar babban layin da ya haɗa cibiyoyi biyu, saƙo iri ɗaya rauta za ta aiko. Guraben Customer, Service da Location don haka suke: a ciko su daga rajistar kayan aiki, mai aikin dare ya san wa abin ya taɓa, ina kuma za a aika mutum.

Lokutan da ka ga sun yi yawa, kowanne da tambayarsa. FirstOccurrence yaushe abin ya fara, LastOccurrence yaushe aka ji shi na ƙarshe, StateChange yaushe layin ya canza hali, InternalLast kuma agogon rumbun ne shi kansa. Ana ajiye su a matsayin adadin daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 a agogon UTC, manhajar dubawa ce ke juya su zuwa agogon mai kallo. Tsohon salon syslog na takardar ƙa'ida RFC 3164 ba ya ɗauke da shekara ko yankin lokaci, sai RFC 5424 na 2009 ya gyara wannan, kuma har yau na'urori da yawa da tsohon suke magana. Duk na'urar da ba ta daidaita agogonta da NTP, tsarin saita agogo ta hanyar sadarwa, gyaruwarta na iya bayyana kamar ta riga lalacewa, layin ya ƙi rufuwa. In ka ga tazara mai faɗi tsakanin LastOccurrence da InternalLast, ko agogo ya kauce ko saƙonni suna maƙalewa a hanya.

Sauran na mutane ne. Acknowledged da OwnerUID suna nuna an gani, kuma wane ne ya ɗauka, don kada mutum biyu su kira injiniya ɗaya, ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya kira. Kada ka taɓa danna amincewa don kawai launin ya daina damunka, domin ka sa hannu ke nan cewa abin yana wuyanka. SuppressEscl shi ke riƙe faɗakarwar na'urar da ake yi wa gyaran da aka tsara, ta shiga tebur amma kada ta tashi kowa daga barci. ExpireTime na saƙonnin da ba su da abokin gyaruwa ne, kamar sanarwar cewa na'ura ta sake kunnuwa. Ba a ba su wa'adi ba, sai su taru su zama shara. Abin da ka yi da hannunka kuma ka rubuta shi a alerts.journal, wanda zai karɓe ka da safe ya san inda ka tsaya.

Abu ɗaya kada ka manta game da hanyar da saƙonnin ke bi. SNMP yana aiko irin waɗannan ta hanyar aika bayanai da ake kira UDP a mashiga ta 162, syslog a ta 514, kuma UDP ba ya tabbatar da isarwa. Lokacin da layi ke cunkushe ko yake yankewa, daidai lokacin ne saƙo ya fi ɓacewa. Saboda haka jan layin da ya daɗe ba motsi, ka shiga na'urar ka duba kafar da idonka kafin ka gaskata shi ko ka share shi.

Gobe in ka shigo, kada ka taɓa ƙa'idojin tukuna. Ɗauko layuka uku daga cikin na daren jiya, ka kwafo gurbin shaidarsu ka jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya a takarda, ka ja layi a ƙarƙashin inda suka bambanta. Sannan ka ɗauko ɗaya na yankewa da ɗaya na dawowa, ka gwada Node, AlertGroup, AlertKey da Manager harafi da harafi. Kawo mini takardar, mu zauna mu gyara ƙa'idar tare a kan sabar gwaji kafin ta hau ta aiki. Ka kuma zo da abin goge kan faiba da na'urar auna haske, domin layin nan har yanzu ba a duba shi ba.