Nono ya kumbura ga zazzaɓi, a cire jariri?

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Kin ce jaririnki sati uku, nonon hagu ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi da rawar sanyi, Hajiya kuma ta ce a cire shi daga wannan nonon kada ya sha ciwo. Don Allah kada ki cire shi. Hajiya don ƙauna ta faɗa, mu ma haka iyayenmu suka faɗa mana, amma barin nonon a cike shi ke mai da kumburi ƙurji.

Ruwan nono ne ya taru bai samu fita ba, wani lokaci kuma ƙwayar cuta ta shiga ta tsagewar kan nono. An fi samunsa a makonni 6 na farkon jego. Nonon bai lalace ba, ba zai cutar da yaro ba, sai dai yakan yi gishiri-gishiri. Ɗana na biyu da na haifa nan Jidda, da ya kama sai ya saki ya kawar da kai yana tsala ihu. In naki ya yi haka, ki tatsa da hannu daidai yadda nauyin zai ragu, ki sake gwada shi anjima. Ba sai kin tatse ƙarƙaf ba, yawan tatsa ƙara kawo ruwa yake.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne murza. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta zo da ruwan zafi da tawul ta yi ta danna ni kamar mai tuƙa tuwo, ina hawaye tana cewa in daure. Washegari ko hannu ba na iya ɗagawa. Likita ce ta ce sanyi ake sawa: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, kamar minti 10 bayan shayarwa, sai shafa mara nauyi zuwa wajen hammata. Ki cire rigar mama mai matsewa, ki sha ruwa sosai, ki bar aikin gida. Paracetamol da ibuprofen mai shayarwa na iya sha.

Tunda ke har da zazzaɓi, in kika yi awa 24 ba sauƙi ki tafi mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko ki kira lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a sayar da shi a saidaliyya, wato kantin magani, sai da takardar likita. In an rubuta miki, yawanci kwana 10 zuwa 14 ne, ki shanye duka ko da kin ji garau. In kin ga mugunya, ko wani dunƙule mai laushi da zafi, wannan ba na jira ba ne.

Shi kuma yaron, haɗarinsa yana wajen rashin ƙoshi. Ki riƙa duba famfas, ya jiƙa aƙalla 6 a yini. In fitsari ya ragu, ko ya yi laushi ba ya farkawa shan nono, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi asibiti ko tsakar dare ne. Kada a cike masa gurbi da ruwa, ko da Zamzam ne, sai ya kai wata 6.

In kin je, ki roƙi nas ta kalli yadda yake kama nono. Ya kamata bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, domin tsotsar kan kaɗai ke tsaga shi, ciwon ya yi ta dawowa. Allah Ya ƙara sauƙi, ki gaida Hajiya.