Shin bin dokar likita kan abinci raunin tawakkali ne?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Bacci, shekaruna 52. Likita ya ce ina da ciwon suga da hawan jini, ya hana ni lemon kwalba, ya ce in rage gishiri da tuwon shinkafa. Abokaina na majalisa suna cewa ajali ba ya wuce ranarsa, in ci halal ɗina in bar wa Allah. Wane ne da gaskiya?

Amsa: Allah Ya ba ka lafiya, Alhaji. Maganar abokanka cewa ajali rubutacce ne gaskiya ce, sai dai sun ɗora ta inda ba muhallinta ba. Arziki ma rubutacce ne, amma ban ga wanda ya ƙi buɗe shagonsa da safe saboda haka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Akwai ma dalilin da ya fi wannan kusa da tambayarka. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Annabi (SAW) ya shiga wurinta tare da Sayyidina Ali, akwai dabino a rataye. Annabi yana ci, Ali ya miƙa hannu, sai ya dakatar da shi domin bai daɗe da tashi daga jinya ba. Da ta dafa sha'ir da ganye, ya ce masa ya ci wannan, ya fi dacewa da shi. Dabino halal ne, Annabi da kansa yana ci a wurin, amma ya hana mai jinya. To ina ga lemon kwalba?

Hukuncin ke nan: abincin halal ne a asalinsa, amma idan ƙwararren likita amintacce ya tabbatar cewa wani abu zai cutar da kai, shan adadin da ke cutarwar ya haramta gare ka kai kaɗai, saboda ayar "kada ku jefa kanku cikin halaka" da hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Idan cutarwar kaɗan ce ko ba a tabbatar ba, makaruhi ne.

Likitanka kuma ba son ransa ya faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai gram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Yawan gishiri na ɗaga jini, hawan jini kuwa shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Mu malamai ma (in faɗi gaskiya) sai mun yi hattara, don duk walimar da aka gayyace mu kwalba biyu ake ajiye mana.

Ka roƙi uwargida ta rage magi ta ƙara daddawa, a yawaita wake, zogale da kuɓewa, a rage malmalar tuwo, a bi ma'aunin hadisin kashi uku na ciki: abinci, ruwa, numfashi. Walimar aure kuma ka je, amsa gayyata haƙƙi ne, amma ci ba dole ba ne. Hadisin Muslim ya ce in ya so ya ci, in ya so ya bari. Ka karɓi ruwa, ka yi wa ango addu'a. Maganin da aka rubuta maka kuma kada ka ajiye shi ba da sanin likita ba.

Wallahu a'alam.