Amsoshin Tambayoyinku: Rundunar Itatuwa da Ƙaramin Kuɗi

Tambayar farko ta wannan makon daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fito, mazaunin Mabera. Ya ce: "Yaya, mu huɗu muke buga wasan kati na Magic: The Gathering, tsarin Commander. Ina son in haɗa ɗauri, wato tarin katunan da zan riƙa wasa da su, na halittun itatuwa, waɗanda ake kira Treefolk, amma kuɗina ba su da yawa. An ce mini Doran ne sarkinsu. In fara da shi?"

Ƙanena, wanda ya gaya maka Doran bai yi ƙarya ba. Doran, the Siege Tower ya fito ne a jerin Lorwyn na 2007, kuma abin da yake yi shi ne ainihin abin da itatuwa ke buƙata. Kowane katin halitta yana da lamba biyu a kusurwar ƙasa, ta farko ƙarfin duka, ta biyu juriya. Itatuwa kamar kuka suke, jiki ne da kauri amma ba sa kai hannu. Doran kansa 0/5 ne. Da zarar ya sauka fagen wasa, kowace halitta da juriyarta take duka, sai ka ga mai 2/10 irin Indomitable Ancients ya koma dukan goma.

Duk da haka ba zan ce ka fara da shi ba, kuma dalilina aljihunka ne. Doran launi uku gare shi, baƙi da kore da fari. A tsarin Commander kati 100 ake haɗawa, ba a maimaita ko ɗaya sai filaye na asali (fili shi ne katin da ke ba ka kuzari, wanda da shi ake sauke sauran katuna), kuma ɗauri mai launi uku yana buƙatar filayen da ke ba da launi biyu ko uku. Masu kyawunsu tsada gare su, masu arhar kuma yawanci a kwance suke shigowa, sai zagaye na gaba za ka amfana da su. Za ka kashe kuɗi a kan filaye tun ba ka sayi itace ko ɗaya ba.

Tsaya a kore zalla. Ka sa Fangorn, Tree Shepherd ya zama kwamandanka, wato katin da ke jagorantar ɗaurinka. Ya fito a 2023, mai 4/10 ne. Duk lokacin da itatuwanka suka kai hari yana ba ka kuzarin kore ninki biyu na yawansu, kuma suna kai harin ba tare da sun kwanta ba, wato suna nan tsaye suna gadin gida. Aibinsa ɗaya, kuzari bakwai yake ci kafin ya sauka. Don haka ka sa Forest, wato filin asali na kore, kamar 37 ko 38, ka ƙara da katunan da ke jawo fili daga cikin ɗauri, irin su Rampant Growth da Cultivate da Kodama's Reach. An sha sake buga su, shi ya sa ba su da tsada. Forest kuwa ko roƙa ka yi wurin abokan wasanka za ka samu.

Aikin Doran ma ba ka rasa shi ba. Akwai Assault Formation, katin kore mai cin kuzari biyu kacal, wanda ke sa halittunka su yi duka da juriyarsu. Ni a ganina har ya fi Doran ta wani gefe, domin Doran kowa yake yi wa aiki har abokan karawarka, wannan kuwa naka kaɗai. In kati ɗaya za ka dage sai ka samu, shi ne.

Sauran rundunar ka cika ta da na gama-gari. Bosk Banneret yana rage wa kowane itace kuzari ɗaya. Treefolk Harbinger yana nemo maka itace ko Forest ya ɗora a saman ɗauri. Generous Ent ina ƙaunarsa ƙwarai: in ya zo da wuri ka jefar da shi ka ɗauko Forest, in ya zo a makare ka sauke shi a matsayin ƙato mai 5/7. Dungrove Elder da Dauntless Dourbark girmansu yana bin yawan Forest ɗinka, wanda wani dalili ne kuma na zama a launi ɗaya. Timber Protector yana hana a lalata maka sauran itatuwa, amma ka duba farashinsa tukuna. In ya yi nauyi ka bar shi sai wani jiƙon. Kada ka manta da abin jawo kati da abin kawar da na abokin karawa, irin su Harmonize da Beast Within, don itatuwa zalla ba sa cin wasa.

Na biyu wata baiwar Allah ce daga Runjin Sambo, tana son yi wa ƙanenta kyauta. Ta ce: "In saya mai fakiti-fakiti ya buɗe, ko yaya?"

Hajiya, kada ki sayi fakiti. Kati 14 ne a cikin fakitin yanzu, kuma ba ki san abin da ke ciki ba sai an yage. Mai neman itatuwa zai iya buɗe goma bai ga uku da za su yi masa amfani ba. Ni dai raina bai kwanta da biyan kuɗi a kan sa'a ba, balle a saba wa yaro da hakan. Ki sa shi ya rubuta sunayen katunan da yake so. Shafin Scryfall kyauta ne, zai nuna masa kowane Treefolk da farashinsa, a Moxfield kuma zai iya jera ɗaurin gaba ɗaya ya ga jimillar kuɗin kafin a taɓa ko sisi. Sai a sayi katunan ɗai-ɗai.

Abin da zai fi cin kuɗi shi ne kawowa, tunda daga Amurka ko Turai ake saro su da dala ko yuro. Katin gama-gari sau da yawa bai kai dala ɗaya ba, kuɗin aikowa kuwa zai iya ninka na kayan. Ku haɗa odarsa da ta abokansa wuri ɗaya, daga mai sayarwa ɗaya, ko a aika wa ɗan'uwa da ke shirin dawowa gida ya riƙo. Ki zaɓi waɗanda aka ɗan taɓa wasa da su, sun fi arha kuma aikinsu ɗaya. Masu ƙyalli ki bar su, don suna lanƙwashewa in yanayi ya sauya, mu kuma nan daga bushewar hunturu sai zafin bazara sai laimar damina. Ki haɗa masa da rigunan leda guda 100 da ƙaramin akwati, ƙurar hunturun Sakkwato ba ta barin kati tsirara.

Wani kuma ya tambaya a taƙaice ko zai iya buga hotunan katunan a takarda ya yi wasa da su. A gasa ta hukuma ba a yarda ba. Tsakaninku abokai kuwa, in kowa ya amince, babu laifi, har ma ina ba da shawarar a yi hakan na mako biyu kafin a tura kuɗi waje, don a gane katin da ke aiki da wanda kawai sunansa ne ya burge ka. Ka buga, ka yanka daidai, ka zura a rigar leda a gaban wani Forest. Amma ka faɗa wa mutane kwafi ne tun kafin a zauna, kuma kada ka taɓa sayar da shi ko ka yi musanya da shi da sunan na gaske.