Kafin ka biya kuɗin gidan nan na Mabera

Malam, ka ce dillali ya nuna maka gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kana tambayar me za ka duba. Don Allah kada sabon fenti ya ruɗe ka. Koma bayan ruwan sama mai ƙarfi, irin na watan Agusta, domin ruwa na kwanciya a wasu sassan unguwar. Duba gindin bango: in siminti na ɓarewa, danshi ne. Ɗaga kai ka dubi silin, tabon yoyo ba ya ɓuya. Tafi da birkilanka, ba na mai gida ba.

Takardu kuwa, kai su ma'aikatar filaye a tantance. Abin da ya fi ba ni tsoro gidan gado ne: sai duk magada sun sa hannu a gaban shaidu da mai unguwa.